Aikin Gwamnati Jiya da Yau a Birnin Kudu da Gwaram

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisun Birnin Kudu da Gwaram: dattawa na cewa yaran yanzu ba sa son aiki, su kuma samari na cewa aikin ne ba ya riƙe mutum. Ni dai a ganina tarihi ne zai raba wannan gardama.

A zamanin En'e, lokacin da garuruwan nan biyu ke ƙarƙashin Kano, malamin makaranta ko duba-gari mutum ne da ake tashi a gaishe shi. Albashi kaɗan ne, amma yana zuwa, ga girma, ga fansho. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata suka sayi kekuna da babura da rediyo, sannan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe wa ɗimbin samari ƙofar koyarwa. Iyayenmu da suka shiga aiki a lokacin, ofis ya zame musu gida, har gobe wasu da sunan aikinsu ake kiransu, ko da sun daɗe da yin ritaya.

To ina aka samu matsala? A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda ya kai kimanin dala 200. Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya samar da sababbin guraben aiki a Dutse, sai dai kuɗin ba su sake yin albarkar da ba. Naira 70,000 da aka amince da ita a 2024, a lokacin ko dala 50 ba ta kai ba.

Shi ya sa na ga samari masu digiri sun gwammace sayen riɗi a kasuwar Sara, ko sana'ar POS, ko noman rani, wanda kuma ya samu aikin sai ya haɗa da wata sana'a. Dattijo na auna aiki da mutunci, saurayi na auna shi da buhun shinkafa, kuma kowa da gaskiyarsa.

Abin tsoron shi ne ajin firamare da ɗakin shan magani na ƙauye. Idan masu ƙwazo suka guje su, wa zai koyar da 'ya'yanmu, wa zai duba marasa lafiyarmu? Allah Ya kawo mana mafita, amin.