Kuɗin Sallama da Rufewar Masaƙar Kaduna

Cikin 1957 Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, tare da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead. Manufar ita ce a daina kai audugar Arewa ƙetare sa'an nan a sayo ta da tsada bayan ta zama yadi. Ba a daɗe ba wasu masaƙu suka biyo baya, har Kakuri ta zama unguwar da jiniyar canjin aiki ke tsara wa mutane lokacin barci da na farkawa. Cikin 2002 aka rufe ƙofar wannan masaƙa, aka bar ma'aikatanta ba tare da an biya su haƙƙinsu ba. Galibi in ana ba da labarin nan akan tsaya ga dalilan mutuwar sana'ar. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me ya sa mutumin da ya yi shekara ashirin gaban injin ya fita hannu rabbana?

Amsar tana cikin doka, kuma sai an leƙa ƙasar da injunan suka fito kafin a gane ta. A lokacin da Kaduna ke kafa masaƙa, masaƙun Lankasha a Ingila rufewa suke yi. Cikin 1959 majalisarsu ta yi dokar da ta ba masu masaƙu kuɗi don su fasa tsofaffin injuna, amma da sharaɗin a biya ma'aikatan da za su rasa aiki diyya. Cikin 1965 aka yi doka ta gaba ɗaya a kan rage ma'aikata. Ta ce duk wanda ya cika shekara biyu a wurin aiki yana da haƙƙi, ta kuma yanke lissafin: albashin rabin mako a kan kowace shekarar da ya yi yana tsakanin shekara 18 da 21, na mako ɗaya daga 22 zuwa 40, na mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, ba a ƙirga fiye da shekara 20. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amma dokar ta kafa asusu wanda masu kamfanoni ke zuba kuɗi a ciki, domin in kamfani ya karye, asusun ya biya ma'aikaci. Watau an raba haƙƙin ma'aikaci da lafiyar aljihun ubangidansa.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda gwamnatin Janar Gowon ta kafa, ta ɗora wa mai rage ma'aikata abu uku: ya sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ya fara sallamar na baya-bayan nan kafin tsofaffin hannu, tare da duba ƙwarewa da amana, sa'an nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen daidaitawa da su a kan kuɗin sallama. A na ukun nan gizo ke saƙa. Dokar ba ta yanke ko kwabo ba, ba ta kuma kafa asusu ba. Ta dai ba minista ikon tilasta biya in ya ga dama. Iyakar ƙoƙari kuwa, kowane lauya ya sani, ba bashi ba ne da za a kai gaban alƙali a ce ga adadinsa. Su kansu ma'aikatan gwamnati, masu ganin fansho ya tsare su, sun ga aya cikin 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala ta kori fiye da mutum 10,000, wasunsu ba tare da ko sisi ba.

To, tun da doka ta bar maganar ga ciniki, sai ya zama ƙarfin ƙungiya ne ke yanke rabon ma'aikaci. A wannan fanni masu saƙa ba su yi sake ba. Ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1978, wadda kuma Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta cikin 1982, ta yi suna wajen ƙulla yarjejeniya da masu masaƙu a kan albashi da garatuti da kuɗin sallama. Ta sha gwaji da wuri, domin tsuke bakin aljihu na 1982 ya hana kuɗin ƙasashen waje na sayen auduga da kayan gyara, har cikin 1984 ma'aikatan Kaduna Textiles suka yi bore a kan rabin albashi. Duk da haka, muddin injuna na juyawa, ƙungiya tana da sanda a hannu, watau yajin aiki.

Sa'an nan gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta tabarbare, baƙin mai ya yi tsada, cikin 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, fasa-ƙwauri kuma ya cika kasuwa. Da masaƙar ta tsaya, sai aibin tsarin ya fito fili. Ba a yi wa masaƙar da ta mutu yajin aiki. Garatutin da aka yi ta lissafawa shekara da shekaru ba a ajiye shi a wani wuri dabam ba. Alkawari ne kawai cikin littafin kamfani, kuma littafin ya nutse tare da kamfanin. Abin da ya daɗa dagula al'amarin shi ne, masu masaƙar jihohin Arewa 19 ne, magadan tsohuwar Jihar Arewa. Bashin da ke kan mutum goma sha tara, kowa na iya cewa na ɗan'uwansa ne. Aka shafe fiye da shekara goma ana zanga-zanga da kai kuka wurin gwamnoni, da yawa daga cikin ma'aikatan suka rasu, matansu da marayunsu suka gaji neman haƙƙin.

Shekara biyu kacal bayan rufewar, cikin 2004, aka yi sabuwar dokar fansho. Ta tilasta ma'aikaci da mai kamfani kowa ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashi a asusu mai sunan ma'aikacin, a hannun wata hukuma dabam, inda karyewar kamfani ba za ta taɓa shi ba. Gyaran 2014 ya ɗaga adadin zuwa kashi 8 da kashi 10, ya kuma yarda wanda ya rasa aiki ya ɗauki kashi 25 na ajiyarsa in ya yi wata huɗu bai sami wani ba. Wannan ya toshe rabin ɓarakar, amma bai waiwayi mutanen Kakuri ba, domin doka ba ta koma baya ta biya su ba. Kuɗin sallama kuwa, dokokin fanshon nan biyu ba su taɓa shi ba. Suka bar shi inda dokar 1974 ta ajiye shi, a kan iyakar ƙoƙarin mai kamfani.