Ƙungiyoyin Ɗalibai da Rabon Lokacin Yaro a Makarantun Firamare na Gwiwa

Tsakure

Maƙalar ta dubi abin da ke hana ƙungiyoyin ɗalibai kafuwa a firamaren karkara, inda ta ɗauki Ƙaramar Hukumar Gwiwa ta Masarautar Kazaure, Jihar Jigawa, a matsayin fagen nazari. An auna tsarin ƙungiyoyin da yadda yinin yaro yake kasuwa. Matsayar maƙalar ita ce, matsalar ta lokaci ce kafin ta zama ta kuɗi.

1.0 Gabatarwa

Daga shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 zuwa Dokar ilimin matakin farko ga kowa (UBE) ta 2004, hankalin hukuma ya fi karkata ga shigar da yara aji. Abin da zai biyo bayan tashi daga makaranta, wato Sikawut, ƙungiyar matasa manoma, muhawara, wasan kwaikwayo da wasannin motsa jiki, an bar wa hedimasta ya san yadda zai yi. Waɗannan ƙungiyoyi kuwa an gina su ne bisa zaton cewa yaro ba shi da abin yi da yamma.

2.0 Yammacin Yaron Gwiwa

Wannan zato bai dace da Gwiwa ba, balle ƙauyuka irin su Korayel, Buntusu da Dabi. Yammacin yaro yana da masu shi. Bayan azahar ko la'asar akwai Islamiyya ko makarantar allo, kuma ba uban da zai yarda a taɓa masa wannan lokaci. Da damina gona tana jira, daga shuka zuwa noman gero da gyaɗa. Ɗan makiyayi yana bayan dabbobi. Yarinya ga ɗiban ruwa, ga reno, wani lokaci ga talla. Malamin ma, idan daga wani gari yake zuwa, ana tashi zai nemi abin hawa. Saboda haka kuskure ne a ce iyaye ba su san darajar ƙungiya ba. Sun auna ne, suka ga abin da za su rasa ya fi wanda aka nuna musu.

3.0 Inda Sarari Yake

Sarari na farko shi ne Alhamis da Juma'a, ranakun hutun makarantun allo. Na biyu shi ne rani, bayan an gama kaka. Kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya ƙarfafa a Jigawa, shi ya fi cancanta ya tsayar da ranar, domin mai unguwa da liman da iyaye mata suna da baki a cikinsa.

Sai abin da za a yi a ƙungiyar. Yaran sun riga sun iya langa, gaɗa, tatsuniya da kacici-kacici, kuma sun san tsarin gasa daga musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986. Tatsuniyar da yaro ya ɗauko daga kakarsa ya rubuta da hannunsa darasin karatu ce, ba ta kuma bukatar ko sisi. Haka renon dashen darbejiya da zogale a harabar makaranta: Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, kuma bishiyar da aka danƙa wa aji guda ta fi samun mai ba ta ruwa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ƙungiyar 'yan mata tana bukatar malama mace, kuma a sallame su tun rana ba ta yi sanyi ba.