Masu Farfaɗo da Gilashin Talabijin a Zuru

Tun daga 1962 da aka buɗe talabijin a Kaduna, har zuwa bayan kafuwar hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, akwatin nan mai ƙatuwar ƙeya ya yi ta ratsa Arewa har ya iso Zuru, ƙasar Dakarkari. Amma da yake kowane abu da ajalinsa, a wancan zamani idan sinadarin bariyam da ke wuyan gilashin ya raunana, fuskoki suka dushe, sai mai gyara, bisa hikima da taka-tsantsan, ya ƙara wutar zaren ɗumama gilashin ta ɗara bolt 6.3 na ƙa'ida kaɗan, domin dauɗa ta ƙone, haske ya komo na wasu watanni. In kuwa ya ƙetare haddi, gilashin ya mutu ke nan, ba makawa.