Idan V8 ta durƙusa: tarihin ƙafafun mai, da zaɓi tsakanin gyara da sauyawa



A garaji da yawa na ƙasarmu za ku ga babbar kat-kat, Lexus LX470 ko Land Cruiser 100, ta durƙusa kamar raƙumi, cikinta na neman taɓa ƙasa. Moter lafiya lau, fenti na ƙyalli, amma ta ƙi tashi. Mai ita na tsaye tsakanin shawara biyu. Wani makanike ya ce a gyara, wani ya ce: "Alhaji, cire tarkacen nan duka, mu sa maka resor irin na kowa." Kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne, kuma motar ce ke ɗaukar iyali a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Shi ya sa yau muka ce bari mu koma baya mu ga inda wagga fasaha ta fito, don tarihinta na ɗauke da rabin amsar.

Abin da Faransawa ke kira suspansiyon idrolik, mu ce masa ƙafafun mai. Asalinsa kamfanin Citroën ne. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, don ayarin motocin Citroën da ya ratsa Afirka a 1924 da 1925 ya bi ta Yamai da Damagaram, ko da yake motocin wancan lokaci ba su da wagga dabara. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Paul Magès ne ya ƙirƙiro ta daga baya. Tunaninsa shi ne: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. To a samu ƙwallon ƙarfe, a raba cikinsa biyu da fatar roba, gefe guda iskar azot, gefe guda mai. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau dutse, sai ta tura man, man ya tura robar, iskar ta matsu ta shanye bugun. Iskar ce ta zama resor. Pompo kuma na ƙara mai ko ya rage, don mota ta tsaya a tsayi ɗaya ko an yi mata lodi ko babu kowa ciki.

An fara gwada abin a ƙafafun baya na Traction Avant a 1954. A watan Oktoba na 1955 aka fito da Citroën DS a bajekolin motoci na Paris, kuma a ranar farko kaɗai mutum 12,000 suka ba da oda. Sunanta ya ƙara fita ranar 22 ga Agusta 1962, lokacin da ƴan bindiga suka buɗe wa motar Janar de Gaulle wuta a Petit-Clamart. Harsasai sun fasa tayoyi, amma DS ɗin ba ta kife ba, direba ya ci gaba da gudu har ya fid da shi. Daga nan manyan kamfanoni suka shigo: Rolls-Royce ta sayi izinin amfani da fasahar a Silver Shadow ta 1965, Mercedes ta sa irinta a 450 SEL 6.9 a 1975.

Sai dai tun farkon tafiya an ga inda gizo ke saƙa. Man farko da Citroën ta yi amfani da shi, mai launin ja, yana shan danshi, yana sa tiyo tsatsa. A 1966 suka koma wani mai kore da ake kira LHM. Wanda ya zuba wannan a wurin wancan, robobin motarsa sun lalace. Ku riƙe wanga batu na mai, za mu dawo kansa.

Mu tambayi dattawanmu direbobi: wace motar Faransa ce ta mallaki hanyoyinmu? Za su ce Peugeot 404 da 504. Ita 504 ta fito a 1968, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa ta a Kaduna. DS ta fi ta taushi nesa ba kusa ba, amma 504 resor ɗinta na ƙarfe ne, kowane makanike daga Ƙonni har Gure ya san cikinta, piyes ɗinta na kowace kasuwa. Darasin farko ke nan da tarihi ya bar mana: mota na zuwa ne iyakar inda ilimin makanikenta da kayan gyaranta suka kai.

Shekaru suka shuɗe, masu kuɗi a Turai da Amurka suka fara son kat-kat mai ƙarfin motar daji da taushin motar ofis. Range Rover ta sa ƙafafun iska a 1992. Toyota ta bi hanyar mai: a 1998 ta fito da Land Cruiser 100 da ƴar'uwarta Lexus LX470, mai moter V8 na lita 4.7, da tsarin da ta sa wa suna AHC. Akwai maɓalli kusa da direba mai matsayi uku: ƙasa, tsakiya, sama. Ka danna, motar ta ɗaga ko ta sauka da santimita 4 zuwa 5. Idan tana sama ka wuce kilomita 30 a awa, sai ta koma tsakiya da kanta.

Abin lura, a wannan shekarar dai Toyota ta ƙera Land Cruiser 105 don kasuwanni irin na Afirka da Ostireliya. Jikinta irin na 100 ne, amma ƙafafunta resor ne zalla, babu pompo, babu ƙwallo. Wato masu ƙera motar da kansu sun san akwai hanyoyin da sauƙin gyara ya fi taushi daraja.

To ta yaya masu ƙafafun man suka cika garuruwanmu? A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan mutane, kasuwar okaziyon ta buɗe baki. Jiragen ruwa suka riƙa sauke motoci a Kwatano da Lome, aka riƙa koro su ta Gaya, wasu su tsaya nan, wasu su wuce Najeriya. Motar da wani ya gama yayinta a Beljiyam, Kanada ko Amurka, ita ce ta zama sabuwa a Maraɗi. An daina ƙera LX470 a 2007, don haka ko autarsu ta kwana biyu, ta fari kuwa ta haura shekara 25. Motar ta iso, amma littafin gyaranta da man ƙafafunta ba su biyo ta ba.

Bari mu buɗe cikin tsarin, a gane abin da ke mutuwa. Ƙarƙashin kapo akwai pompo da ƙaramin tankin mai. Kowace taya na da sandar mai da ke kama da amortisar, da ƙwallon azot nata. Akwai na'urori uku masu auna tsayi, biyu gaba ɗaya baya, da ƙaramar kwamfuta mai ba da umurni. Sannan akwai ƙarfe: bar torsiyon a gaba, resor a baya. Waɗannan ƙarafan an yi su da gangan ba su kai na mota gama-gari ƙarfi ba, don sun raba nauyi ne da man.

Tsufa na shigowa ta hanya huɗu. Azot na sulalewa a hankali ta cikin robar ƙwallo, sai mota ta fara tsalle da bugu kamar amalanke. Ƙarafan na gajiya, nauyi ya koma kan man, matsi ya hau, pompo ya wahala, mota ta ƙi ɗagawa idan an cika ta. Na'urorin auna tsayi na shan ƙura da ruwa, su riƙa ba kwamfuta labarin ƙarya, mota ta karkace. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a kan hanya, tiyonsu na zuwa da tsatsa. Sai na biyar, wanda ba tsufa ba ne, hannunmu ne: zuba man birki ko man direksiyon a tankin. Kuskuren da aka yi da DS shekaru 60 da suka wuce, shi ake maimaitawa. Tsarin na da mansa na musamman, kuma ana son a yi masa vidanj wajen kowane kilomita 100,000. Mu faɗi gaskiya, motoci nawa ne a garinmu aka taɓa yi wa?

Masu cewa a gyara na da hujja. Sau da yawa abin da ya mutu ƙwallaye huɗun nan ne da tsohon mai, sauran kayan lafiyarsu ƙalau. Akwai gwajin da ba ya cin ko dala: a sauke mota ƙasa a duba inda mai ya tsaya a jikin tanki, a ɗaga ta sama a sake dubawa. Tankin na da zane-zane. Da sababbin ƙwallaye bambancin na kai zane 14. Idan ya sauko 7 ko ƙasa, ƙwallaye sun gama aiki. Mai valiz kuma na iya karanta matsin man: a gaba ana son wajen bar 69, a baya tsakanin 56 da 67. Idan na gaba ya haura, ɗaure bar torsiyon na sauko da shi. Na baya kuwa sai sabon resor. Da yawa an sayi sandunan mai huɗu da tsada a banza, ana zaton su ne amortisar, alhali aikin shanye bugu na can wajen ƙwallo.

Masu cewa a sauya su ma ba su yi ƙarya ba. Idan pompo ya mutu, tiyo ya ruɓe, an gurɓata tsarin da wani mai, to kuɗin gyara na iya cin babban kaso na darajar motar. Piyes na asali sai an yi oda, kuma tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, jira ya ƙaru, kuɗin ɗauko su ya ƙaru. Ƙwallon okaziyon da za a samo a Katako ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sa'an wanda aka cire ne, azot ɗinsa ma ya tafi. Kuma resor ko ya gaji zai kai ka gida. Tiyo in ya fashe tsakanin Tanut da Agadas, mota ta zauna ke nan.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne rabin aiki. A cire pompo, a sa amortisar na gama-gari, a bar bar torsiyon da resor na asali don a rage kuɗi. Mun faɗa a sama cewa waɗannan ƙarafan ba a yi su don su ɗauki motar su kaɗai ba. Mota mai nauyin tan biyu da rabi za ta zauna ƙasa, ta riƙa lilo a kwana, ta nutsa da goshi idan an taka birki. A kan kwalta, da gudu, da iyali a ciki, wannan ba wurin tsimi ba ne. Mai sauyawa ya sauya duka: amortisar huɗu, bar torsiyon biyu, resor biyu, masu ƙarfin da ya dace da lodin da yake ɗauka.

Mu a namu gani, hanyar da motar ke bi ita ce alƙali. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce da kwalta, pomponsa na aiki, tiyonsa ba tsatsa, kuma yana da makanike mai valiz da ya san tsarin, ya gyara: ƙwallaye sababbi, man asali, daidaita matsi. Zai sake samun taushin da ya sa aka sayi motar. Wanda ke shiga daji, yana ɗora buhuna da bidon a galeri, yana kwana inda babu garaji, ya koma resor, ya bi shawarar da Toyota ta yanke wa 105 tun 1998. Citroën da ta haifi fasahar ma ta ajiye ta a 2017 da ƙarshen C5, yayin da Toyota ta ci gaba da sa ta a LX570. Ke nan waɗannan motoci za su ci gaba da shigowa, kuma matasanmu makanikai da suka koyi aikin tun yanzu ba za su rasa abin yi ba.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a yi gwajin tanki, a karanta matsi, a leƙa tiyo. Makaniken da ya yanke hukunci bai auna ba, a nemi ra'ayin wani. Mai shirin sayen irin wagga mota kuma, ya danna maɓallin nan ya ga ta hau ta sauka da idonsa kafin ya biya.

Makanikai da direbobin da suka yi aiki da waɗannan motoci, filin sharhi naku ne, ku ƙara mana da abin da kuka gani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.