Abzin: Duwatsun da Gishiri Ke Ratsawa

A Dirin Daji na fara ganin kantun gishiri, a bakin turken shanun kakana. Kullum in saniya ta lasa, sai ya nuna arewa da sandarsa ya ce daga bayan Abzin ya fito.

Duwatsun Abzin suna arewacin Agadas a Nijar. Mafi tsawonsu yana kan tsaunin Bagzan, mita 2,022. Daga gabas sai hamadar Tenere, yashi iyakar gani. Ruwan damina da ke gangarowa ƙoramu shi ke raya lambunan dabino na Timiya da Iferwan.

Bayan damina Buzaye kan ɗaure gero bisa raƙuma, ayari ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, a musanya geron da gishiri da dabino, sannan a nufo Damargu da Kano. Gobirawa ma na cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. A 1850 Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa duwatsun Abzin.

Har yau in na ga kantu, wahalar waɗannan matafiya nake tunawa, in yi musu addu'a.