Tarihin Shaidar Jini a Gaban Shari'a

A yau mukan ji an ce gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya kama wane ko ya wanke wane. Ya kyautu mu san asalin wannan hujja da iyakarta.

A watan Satumba na 1984 ne Alec Jeffreys, malami a Jami'ar Leicester ta Ingila, ya gano cewa kowane ɗan Adam yana da tambarinsa a cikin jini, gashi da yawu, in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Aikin farko da aka yi da ilimin, a 1985, ya shafi wani yaro ɗan asalin Ghana da jami'an shige da fice na Birtaniya suka yi shakkar nasabarsa. Gwaji ya tabbatar shi ɗan mahaifiyarsa ne, aka bar shi ya zauna.

Sai batun kisa. An kashe 'yan mata biyu a ƙauyukan kusa da Leicester, a 1983 da 1986. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya yi iƙirarin kisa na biyu, amma gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba shi ba ne. Aka sake shi. 'Yan sanda suka gwada maza wajen 5,000, ba su dace ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Bakin abokin ne ya tona asiri, gwaji ya gaskata. A 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai.

Amma hujjar tana iya ruɗar masu bincike. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da tambarinta ya bayyana a wuraren laifi kimanin 40, har da inda aka kashe wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke haɗa audugar ɗaukar samfur.

Darasinmu ke nan: gwaji yana faɗin mai jinin, amma yadda jinin ya isa wurin, da yaushe, aikin shaidu ne da basirar alƙali. In an tuhumi wani namu da wannan hujja, mu tambayi wanda ya ɗauki samfurin, da hannun da ya bi.

Allah Ya tsare mu daga zalunci.