Tarihin Sauya Giyabos a Motoci Masu Jan Taya Huɗu a Amurka

Sana'ar cire wa mota akwatin giyarta na asali a ɗora mata wani, ko a sake mata haƙoran giya domin a canza yadda take jan kanta, ta kafu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tushenta yana jikin ƙaramar motar sojan nan da aka sani da jif. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera irin wannan mota fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945, kuma da aka gama yaƙi da yawa daga cikinsu suka koma hannun manoma da maharba da masu haƙar ma'adinai, waɗanda ba a jima ba suka gane cewa giyar da aka tsara domin fagen fama ba ta biyan dukkan bukatunsu. Makanikai da maƙera ne suka ɗauki nauyin cike wannan giɓi, kuma sun shafe shekaru kusan hamsin suna gaba, kamfanoni suna biye da su.

Ba a fahimtar wannan tarihi sai an san hanyar da ƙarfin injin ke bi kafin ya isa taya. A mota mai jan taya huɗu ƙarfin yana ratsa matakai uku: da farko akwatin giya, wato giyabos, wanda direba ke sarrafawa da hannu yana taka kuloci, sai akwatin raba ƙarfi, wanda ke manne a bayansa yana aika juyi zuwa tayoyin gaba da na baya, kuma a cikinsa ne ƙaramar giyar nan ta hawan tudu da fita daga laka take, sai giyar aksul, wato ƙaramin haƙori mai juya babban zobe a tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu. Kowane mataki yana da rabon juyinsa, ma'ana yawan juyin da sandar shiga za ta yi kafin sandar fita ta juya sau ɗaya, kuma idan aka ninka ukun da juna sai a sami yawan juyin injin a kan juyin taya guda. Gwargwadon girman wannan adadi, gwargwadon raguwar gudu da ƙaruwar ƙarfin ja. Jif ta farar hula ta farko, wato CJ-2A da ta fito a 1945, tana da giyabos mai giya uku da ake kira T-90, wanda lamba ɗayansa 2.80 ce, ƙaramar giyarta wajen 2.4, aksul ɗinta kuwa 5.38, saboda haka a mafi ƙanƙantar tafiyarta injin yana juyawa kimanin sau 37 kafin taya ta kewaya sau ɗaya.

Koken farko da masu wannan mota suka yi na rashin gudu ne. Aksul mai 5.38 ya dace da jan garma da juya injinan gona, waɗanda domin su aka tallata motar ga manoma, amma a kan kwalta yana tilasta wa injin mai ƙarfin doki 60 ya riƙa juyi sama da 3,000 a minti ɗaya alhali motar ba ta wuce kilomita 80 a awa ba. Da aka zartar da dokar gina manyan hanyoyin tarayya a 1956, a zamanin Shugaba Eisenhower, sai wannan rauni ya ƙara fitowa fili. Kamfanin Warn, wanda Arthur Warn ya kafa a 1948 a jihar Washington, ya fito da wani ƙaramin akwati da ake sakawa ta ƙofar bayan akwatin raba ƙarfi, inda a da ake ɗaura injin gona, yana rage juyin injin da kashi 25 cikin ɗari a kowace giya. Motocin Land Rover na Ingila, waɗanda aka fara nunawa a 1948 kuma aka kwaikwayi tsarinsu daga jif, su ma sun sami irin wannan ƙari daga kamfanin Fairey.

Koke na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ne ya mayar da harkar sana'a mai zaman kanta. A 1953 aka fara wani gangamin shekara-shekara a jihar Kalifoniya, wanda Mark Smith yana cikin waɗanda suka assasa shi, inda masu jif ke bin tsohuwar hanyar Rubicon mai tsawon kimanin kilomita 35, wadda ta ratsa duwatsun Sierra Nevada zuwa gefen tafkin Tahoe. A irin wannan hanya, inda mota ke hawa kan fa da ƙoramu masu manyan duwatsu, gudu abokin gaba ne, domin direban da giyarsa ba ta yi ƙasa sosai ba dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya danna totur ya afka wa dutse ya karya aksul, ko ya riƙa sakin kuloci rabi-rabi har ya ƙone shi. Abin da ake nema shi ne mota ta riƙa rarrafe da kanta, ƙafar direba ba ta kan kuloci, injin kuma bai mutu ba. Ke nan ana son akwati ɗaya ya yi gudu a kwalta ya kuma yi rarrafe a kan dutse, alhali taura biyu ba ta taunuwa, musamman ga giyabos mai giya uku kacal.

Makanikan sun sami mafita ne a wuraren da ake jibge matattun motoci. Manyan akori-kura da motocin ɗaukar kaya na lokacin suna da giyabos mai giya huɗu na zubin ƙarfe, wanda aka yi wa lamba ɗaya mai ƙasa ƙwarai domin mota ta iya tashi da lodi a kan gangara. Mafi shahara shi ne SM420 na kamfanin General Motors, wanda aka ƙera daga 1947 zuwa 1967, lamba ɗayansa kuwa 7.05 ce, sai magajinsa SM465 mai 6.55, da NP435 mai 6.68 wanda ake samu a motocin Ford da Dodge, da kuma T-18 mai 6.32. Idan aka ɗora SM420 a jif mai aksul 5.38, adadin nan na 37 yana haurawa ya zarce 90 ba tare da an taɓa injin ba. Lamba ɗaya ta waɗannan akwatuna ba ta da zoben daidaita gudu, wato abin da ke sa giya ta shiga sumul mota tana tafe, saboda haka sai an tsaya cik ake sa ta, a kan kwalta kuma da lamba biyu ake tashi. Ƙarin dalilin karɓuwar waɗannan akwatuna shi ne yayin ɗora wa jif manyan injina masu silinda takwas na Chevrolet, waɗanda T-90 ba ya daɗewa a bayansu.

Sai dai giyabos na wata mota ba ya shiga wata haka kawai, kuma a nan ne gwanintar sana'ar take. Ramukan noti ba sa haɗuwa, tsagogin da ke bakin sandar fita ba su yi daidai da na akwatin raba ƙarfi ba a yawa ko a kauri, kuma duk inci ɗaya da aka ƙara wa tsawon giyabos an rage shi ne daga farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksul na baya, wadda dama gajeriya ce a mota irin CJ-5 mai tazarar inci 81 tsakanin aksul na gaba da na baya. Farfelar da ta gajarce fiye da kima tana karkacewa, ta riƙa girgiza mota tana cin mahaɗanta, shi ya sa gajartar SM420 ta zama masa wata daraja. Da farko kowane maƙeri yakan sassaƙa farantin haɗi da sabuwar sanda a injin tukinsa, daga baya aikin ya zama masana'anta, inda kamfanin Novak ya fara a 1967, Advance Adapters kuma a 1971.

Takunkumin man fetur na 1973 ya juya akalar kamfanoni zuwa tattalin mai. An ƙayyade gudu a mil 55 a awa daga 1974, kuma a shekarun 1980 an sayar da jif da aksul mai 2.73 da giyabos marasa nauyi da aka aro daga motocin fasinja. Misalin da aka fi ambata shi ne BA10/5 na Peugeot, wanda aka sa wa jif samfurin Wrangler mai silinda shida daga 1987 zuwa tsakiyar 1989, kafin a maye gurbinsa da AX-15 na kamfanin Aisin na Japan. Wanda ya san juriyar motocin Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna zai yi mamakin baƙin jinin da wannan akwati ya yi a Amurka, amma adalci shi ne a ce an ɗora masa aikin da ba a ƙera shi dominsa ba.

A wancan zamani ne kuma manyan tayoyi suka yawaita, suka mayar da sake haƙoran aksul wajibi. Taya ita ce giya ta ƙarshe a mota, domin wadda aka ɗaga daga inci 29 zuwa inci 35 tana cin ƙasa da ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari a kowane juyi, abin da ke rage ƙarfin ja da kwatankwacin haka, ya kuma sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Maganinsa shi ne a sake zobe da ƙaramin haƙori, misali daga 3.73 zuwa 4.56, wanda ake samu daga zobe mai haƙora 41 da ƙarami mai 9. Dole a yi wa aksul na gaba da na baya tare, domin idan suka saɓa, tayoyin gaba da na baya za su riƙa jayayya har wani ƙarfe ya karye. Aikin yana bukatar natsuwa fiye da ƙarfi: ana auna ratar da ke tsakanin haƙora da ma'auni mai raba inci gida dubu, a shafa musu fenti a juya domin a ga inda suke gogar juna, a ƙara ko a rage siraran faranti har shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori. Akwai kuma iyaka, domin duk lokacin da aka ƙara rabon juyi ƙaramin haƙorin yana ƙanƙancewa yana rasa ƙwari, kuma wannan ne ya sa ƙwararru suka fi son a nemi rarrafe a giyabos da akwatin raba ƙarfi, a bar aksul ya daidaita girman taya kawai.

Shekarun 1990 ne suka haɗa bukatun biyu a wuri ɗaya. Giyabos NV4500 mai giya biyar, wanda aka yi wa manyan akori-kurar General Motors da Dodge, yana da lamba ɗaya mai 5.61 da ta biyar mai rage wa injin juyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake nauyinsa ya kusa kilo 90. A birnin Fresno kuma Marlin Czajkowski ya shahara daga 1994 da jera akwatin raba ƙarfi biyu a akori-kurar Toyota, ɗaya mai 2.28 ɗaya mai 4.70, abin da ke kai adadin juyi sama da 220 idan an haɗa da lamba ɗaya ta giyabos da aksul mai 5.29.

Daga ƙarshe kamfanoni sun karɓi darasin. A 2003 Jeep ya fito da Wrangler mai ɗauke da sunan hanyar Rubicon, ƙaramar giyarta 4.0, aksul ɗinta 4.10, jimillar rarrafenta kimanin 66. Giyar otomatik ta mamaye kasuwa tun daga lokacin, kuma masu tuƙa giyar hannu suna raguwa, amma duk da haka a 2021 Ford ya sa wa sabuwar Bronco giyabos na hannu mai giya bakwai, ɗaya daga cikinsu ta rarrafe ce zalla, wadda ke kai jimillar juyi 94.75. Wannan adadi bai ɗara da yawa ba a kan wanda makanikai suka riƙa samu shekaru da dama kafin nan da tsohon giyabos na motar ɗaukar kaya, saboda haka su ne suka cancanci a jingina wa asalin wannan fasaha.